Ƙugiyar da ke Saman Gidajen Amsterdam: Tarihin Hawa Bene da Kaya

Duk wanda ya taɓa tafiya a bakin mashigan ruwan tsohon birnin Amsterdam, idan ya ɗaga kai, zai ga wani abu da kusan kowane gida yake da shi. A can ƙololuwar fuskar gidan, dab da rufi, akwai gungumen katako ko na ƙarfe da ya leƙo waje, da ƙugiya a rataye a bakinsa. Baƙo yakan ɗauka ado ne. Mutanen gari kuwa sun san kayan aiki ne, domin har yau idan wani zai tare a hawa na uku, ana iya ganin an rataya igiya a wannan ƙugiya, an cire taga, ana jan katifa ko kabad sama kamar yadda ake jan guga daga rijiya. Sunan gungumen a harshensu hijsbalk, wato gungumen ɗaga kaya. Samuwarsa tana nuna cewa magina gidan sun san tun ranar farko cewa matakalar da suka yi a ciki ba za ta iya da kaya ba.

Tambayar da mutum yake yi wa kansa idan ya tsaya shi kaɗai a gindin matakalar tsohon gida, ga kabad a gabansa ga kwana a samansa, tambaya ce mai dogon tarihi. Me ya sa matakalar take da matsi haka, me ya sa kayan suke da nauyi haka, kuma yaya aka yi ya zama shi kaɗai? Kowace daga cikin ukun tana da amsarta, kuma amsoshin ba a zamani ɗaya suka faru ba.

Mu fara da ƙasa. An gina Amsterdam ne a kan fadama, inda ba a aza gini sai an kafa dogayen itatuwa sun ratsa laka har sun tarar da yashi mai ƙarfi. Zauren mulkin birnin da aka fara ginawa a 1648, wanda a yau fadar sarki ce a dandalin Dam, yana tsaye a kan irin waɗannan itatuwa guda 13,659. A wuri irin wannan kowane taku na fili kuɗi ne. Ga kuma jama'a na kwararowa: birnin da mutanensa ba su wuce dubu 30 ba a wajajen 1570 ya haura dubu 100 a 1622, ya kuma kai wajen dubu 200 kafin ƙarni na 17 ya ƙare. A 1613 hukumar birni ta fara haƙa manyan mashigan ruwa uku da suka kewaye tsohon gari, Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, ta yanka filaye a bakinsu ta sayar. A Herengracht faɗin fili ɗaya ƙafa 30 ne na awon Amsterdam, wato kimanin mita takwas da rabi, tsawonsa zuwa baya kuma ƙafa 190. Wannan na masu hali ke nan. A unguwannin talakawa filayen sun fi haka matsi nesa ba kusa ba.

Masu zagayawa da 'yan yawon buɗe ido suna son su ce haraji ne ya matse gidajen, wai ana biya gwargwadon faɗin fuskar gida. Labari ne mai daɗin faɗi, amma harajin gidaje na lardin Holan a wancan ƙarni ana lissafa shi ne bisa kuɗin hayar da gida zai iya kawowa. Babban dalilin ya fi wannan sauƙi. Ruwa shi ne titin kasuwanci, kowane ɗan kasuwa yana son ƙofarsa ta kalli ruwa domin kwale-kwale ya sauke masa kaya a bakin gida, bakin ruwan kuma iyakarsa ke nan. Sai aka raba shi siri-siri. A Oude Hoogstraat akwai gidan da faɗinsa mita 2.02 ne kacal. A Kloveniersburgwal kuma gidan 'yan'uwan nan Trip, dillalan makamai, wanda aka gina tsakanin 1660 da 1662, yana da faɗin mita 22, a tsallaken ruwan yana kallon wani ɗan gida mai faɗin mita 2.44. Arziki a wannan birni da faɗin fuskar gida ake gane shi.

To idan gidanka mita biyar ne faɗinsa, hawa huɗu ko biyar tsayinsa, nawa za ka ba matakala? Magina sun ba ta mafi ƙarancin abin da ƙafar ɗan Adam za ta iya jurewa. Wasu matakalan suna murɗewa a jikin ginshiƙi ɗaya kamar igiya, wasu suna miƙewa tsaye har sun fi kama da tsani, tafin kowane mataki bai kai tsawon takalmi ba, sai mutum ya karkata ƙafa ko ya sauko da baya. An yi su ne don mutum da abin da zai riƙe a hannu ɗaya. Sauran kaya kuwa hanyarsu daban, ta waje.

A gidajen 'yan kasuwa gungumen yana shiga cikin ɗakin ƙarƙashin rufi, inda ake kafa babban wili na katako a jikin sanda mai juyawa. Ana jan igiyar da ke kewaye da wilin, sandar tana naɗe igiyar da ke ɗauke da kaya. Da yake wilin ya fi sandar faɗi sau da yawa, ƙarfin mai ja yana ninkuwa daidai da haka, sai dai zai daɗe yana ja. A ƙananan gidaje kuwa ƙugiya ce kawai, ana rataya mata ƙaramin wili mai kwari wanda igiya ke gudana a kansa, abin da makanikai ke kira fuli. A saman ake ajiye hajar ciniki, nesa da danshi da ambaliya, a nan kuma ake tara busasshiyar lakar fadama da suke ƙonawa a madadin itace lokacin sanyi. Ke nan ƙugiyar ba ta jiran ranar ƙaura. Aikinta na kowane mako ne.

Akwai kuma abin da ke ruɗa baƙo, cewa yawancin tsofaffin gidajen sun ɗan sunkuyo gaba kamar dattijo. Wasunsu lallai tushensu ne ya motsa, musamman masu karkata gefe. Amma sunkuyowar gaba da gangan aka yi ta. Al'ada ce da aka gada daga zamanin gidajen katako, inda kowane hawa yake ɗan zarce na ƙasansa, kuma tana kare bango daga ruwan sama, tana kuma ba kayan da ake ja sama 'yar tazara don kada su riƙa bugun tagogi.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tsari shi ne babu wanda ya yi tunanin mutum ɗaya zai yi aikin. Ko da igiya da fuli, sai an sami masu ja a ƙasa, da mai riƙe wata igiyar yana janye kayan daga jikin bango, da mai tarba a taga. Birnin kuma yana da 'yan dako masu ƙungiya da doka: masu dakon hatsi daban, masu dakon makamashi daban, masu dakon giya daban, masu dakon ma'auni daban, kowane rukuni da farashinsa da iyakar aikinsa. Masu dakon ma'auni sun kasu ƙungiya-ƙungiya, ana gane su da launin hularsu. Ƙungiyar masu shuɗiyar hula, wadda ake ƙirga tarihinta daga 1616, ta rikiɗe sannu a hankali ta zama kamfanin ajiyar kaya, ta haɗe da wani a 1967, aka sake haɗewa a 1999 aka sami Vopak, wanda a yau yake cikin manyan kamfanonin tankunan ajiyar mai na duniya. Daga dako aka faro.

Kayan da aka yi su don tafiya

Ɓangare na biyu na amsar yana jikin kayan ɗakin kansu. A yawancin harsunan Turai kalmar kayan ɗaki daga kalmar Latin mai ma'anar "abin da ke motsawa" ta fito: Faransawa suna cewa meuble, Jamusawa Möbel, mutanen Holan meubel. A dokar Faransa har yau dukiya kashi biyu ce, mai motsi da marar motsi, gida da gona suna cikin na biyun. Sarakuna da hakiman Turai na tsakiyar zamani ba su zama wuri ɗaya, suna yawo ne daga wannan fada zuwa waccan tare da kayansu, saboda haka teburinsu allo ne da ake ɗorawa a kan ƙafafu a cire bayan cin abinci, akwati kuma shi ne ma'aji, shi ne kujera, wani lokaci shi ne gado.

Da kayan suka fara girma a ƙarni na 17, kafintoci ba su manta da matakala ba. Babban kabad ɗin Holan, wanda amarya ke jera zannuwan gado da tufafi a ciki, yana iya kai tsayin mita biyu, amma gunduwa-gunduwa ne: rawaninsa yana ɗaguwa, ƙofofinsa suna fita, gindinsa mai aljihun tebur daban yake, dunƙulallun ƙafafunsa ma ana zarewa. Mutanen Holan da suka yi ƙaura zuwa kwarin kogin Hudson a Amurka sun tafi da wannan ƙira, jikokinsu suka ci gaba da yin ta har ƙarni na 19. Babban kabad na Faransa ma haka, da turakun katako aka haɗa shi, a buge su ya warware. Turawan Ingila kuma suka fi son akwati mai aljihu da ake ɗora ɗaya a kan ɗaya, kowanne mutum biyu za su iya hawa da shi. Gado kuwa, a gidajen Amsterdam da yawa ba ya cikin kayan ƙaura sam, domin a jikin bango aka gina shi kamar ƙaramin kabad mai labule ko ƙofa. Wanda ya shiga gidan mai zane Rembrandt, wanda ya saya a 1639 a kan gilda 13,000, zai ga irinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tsofaffin benayen ƙasa na Kano ko Zariya. Matakalarsu siririya ce mai tsayin mataki, ta isa mai gida da buzunsa da littattafansa, kuma babu wanda ya gina ta yana tunanin wadirob mai ƙofa shida. A yau ma maganin da muke yi ranar jere shi ne na kafintocin Holan: a kawo gado da wadirob a warware, kafinta ya biyo su da akwatin aikinsa ya haɗa a cikin ɗaki, ga kuma dangi cike da gida.

Ita kanta matakalar an daɗe kafin a yi mata ƙa'ida. Masanin gini na Faransa François Blondel, a darussan da ya fara wallafawa a 1675, ya lura cewa takun mutum a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusan inci 24 ne na awon Faransa, wato wajen santimita 65, kuma duk tsayin da ƙafa za ta hau yana cin ninki biyu na wannan taku. Daga nan ya fitar da lissafin da magina ke amfani da shi har yau: tsayin mataki sau biyu, a haɗa da faɗin tafinsa, ya ba da tsawon taku ɗaya. Amma Blondel da fadoji yake, gidan talaka bai san da shi ba. Sai a ƙarni na 20 dokokin gini suka shiga gidajen kowa. A Ingila a yau matakalar sabon gida ba ta wuce karkatar digiri 42 ba. Ƙa'idar da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce tsayin mataki kada ya wuce wajen santimita 20, tafinsa kada ya gaza santimita 25, faɗin matakalar kuma aƙalla santimita 91. Tsohon gida bai shiga wannan lissafi ba, kuma doka ba ta tilasta a rushe shi.

A ƙauyukan Ingila da Wales akwai ƙananan gidajen da aka yi wa dabara ta daban. A daɓen katakon ɗakin kwana na sama akwai wasu alluna da ake ɗagawa, wani lokaci har da azara ɗaya da ake zarewa, sai rami ya buɗe zuwa ɗakin ƙasa. Ana kiransa ƙofar akwatin gawa, domin mutane a gadonsu suke mutuwa, akwatin kuma ba ya iya karya kwanar matakala. Ta nan ɗin kuma ake hawa da gado da kabad.

Inda lissafi ya ɓaci

A ƙarni na 19 ne daidaiton da ke tsakanin gida da kaya ya fara rushewa. Masana'antu sun sa kayan ɗaki sun yi araha, matsakaitan ma'aikata suka fara sayen abin da a da sai masu sarauta, kayan kuma suka fara zuwa a dunƙule. Kujerar kushin mai sifirin a ciki ba ta warwarewa. Madubi mai tsayin mutum ba ya lanƙwasa. Uban su duka kuwa shi ne fiyano. A 1825 Alpheus Babcock na Boston ya yi rajistar firam ɗin fiyano na zubin ƙarfe guda ɗaya, wanda daga baya ya ba da damar a ɗaure tsirkiyoyi da ƙarfin da jimillarsa ta kusa tan 20. Sauti ya ƙaru, nauyi ma ya ƙaru. Fiyano na tsaye da ake sa wa a falo yana haura kilo 200, babban na dandalin waƙa kuma yana kusantar rabin tan. A ƙarshen ƙarnin duk gidan da ke son a san ya waye sai ya mallaki ɗaya, ko da a hawa na huɗu yake, har dakon fiyano ya zama sana'a mai zaman kanta. Fim ɗin barkwanci na Laurel da Hardy mai suna The Music Box, wanda ya fito a 1932 ya kuma ci kyautar Oscar, labarinsa kaf mutum biyu ne suna fama da fiyano a kan matakala mai mataki fiye da 130 a unguwar Silver Lake ta Los Angeles. Masu kallo sun yi dariya ne don sun san abin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sai ga firji, ga injin wanki, ga manyan katifu da Amurkawa suka fara yayi, duk an auna su da sababbin gidajen bayan gari masu faɗin ƙofa.

A Faris nauyin kaya har cikin doka ya shiga, kuma a ganina nan ne tarihin ya fi nuna haƙoransa. Kafin lif ya yaɗu, bene ɗaya yana ɗauke da kowane aji na jama'a a jere: masu kuɗi a hawa na farko da na biyu, ƙananan ma'aikata a samansu, 'yan aiki da talakawa a can ƙarƙashin rufi, inda matakala ta fi tsawo ta fi matsi. Kundin dokokin Napoleon na 1804 ya tanadi cewa ɗan hayar da bai zuba isassun kaya a ɗaki ba ana iya korarsa, sai fa in ya kawo wani jingina, domin kayan ɗakin su ne abin da mai gida zai riƙe idan haya ta gagara. Wato kabad ɗin da talaka ya sha wuya ya hau da shi hawa shida ya zama jinginar da ba ya iya gudu da ita, ga mai gadi zaune a gindin matakala yana ganin duk abin da ya fita. Daga nan aka sami ƙaurar dare. Abokai su taru, a ɗaure katifa da tebur da igiya, a zuro su ta taga zuwa kurar da ke jira a titi, kafin gari ya waye ɗaki ya zama wayam. Faransawa suna kiran wannan ƙaura da ƙararrawar katako, wato wadda ba ta ƙara. A wajajen 1911 da 1912 wani mai ɗinkin kushin, Georges Cochon, ya shugabanci ƙungiyar 'yan haya ya mai da wannan ƙaura zanga-zanga, ana yin ta da rana tsaka a gaban jama'a da 'yan jarida.

A wasu biranen ƙaura ranar gari ce. A New York, tun zamanin mulkin mallaka har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, yarjejeniyar haya tana ƙarewa ne a ranar 1 ga Mayu, sai titi ya cushe da kura da dawaki da katifu. Montreal tana nan da tata ranar, wadda aka mayar 1 ga Yuli a tsakiyar shekarun 1970 don kada a cire yara daga makaranta ana tsakiyar karatu, kuma a can ana hawa da firji ta kan matakalan ƙarfe masu lanƙwasa da ke wajen gida.

Ƙugiyoyin Amsterdam ma sun ga baƙar rana. Lokacin da Jamus ta mamaye Holan, daga 1942 aka shiga kwashe kayan gidajen Yahudawan da aka tura sansanoni, ana aika su Jamus, kuma gidajen da aka kwashe a ƙasar sun kai wajen dubu 29. A Amsterdam kamfanin ƙaura na Abraham Puls ne ya fi yin wannan aiki, har sunansa ya zama kalmar aikatau a bakin mutanen gari, mai ma'anar wawushe gida. Maɓoyar da Anne Frank da iyalinta suka zauna a bayan gida mai lamba 263 a Prinsengracht, wadda ake hawa ta kan matakala mai tsayin gaske a bayan kantar littattafai mai juyawa, an kwashe ta bayan kama su a watan Agusta 1944. Da aka buɗe gidan ga masu ziyara a 1960, mahaifinta Otto Frank ya nemi a bar ɗakunan ba kowa ba komai, haka kuma suke har yau.

Masana'antar da ta kawo matsalar nauyi ita ce kuma ta dawo da tsohuwar dabarar warwarewa, ko da yake don arahar sufuri ta yi hakan. A 1859 Michael Thonet ya fitar da kujerarsa mai lamba 14, ta lanƙwasasshen katako: gunduwa shida, sukuru goma, noti biyu, kuma kujeru 36 a warware suna shiga akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1956, wani ma'aikacin IKEA, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun wani tebur don ya shiga mota, kamfanin kuma ya gina kasuwancinsa a kan wannan. Sai dai akwai bambanci tsakanin kabad ɗin Holan da wadirob ɗin kwali. Na farkon an yi shi ne don a warware a haɗa sau ashirin a tsawon ƙarni biyu. Na biyun matsattsen garin katako ne, ramin sukurunsa yana sakewa tun a warwarewa ta biyu, shi ya sa mutane suke gwammace su hau da shi a haɗe, su koma cikin matsalar da aka ƙirƙire shi don ya magance.

Saura tambaya ta uku. Gidajen da mutum ɗaya tak yake zaune a ciki sun kusa kashi 40 cikin ɗari a Holan a yau, a Amsterdam kuwa sun haura rabi. Ƙungiyoyin sana'a na gargajiya an soke su a 1798, 'yan aikin gida sun ɓace daga gidajen matsakaita bayan yaƙe-yaƙen duniya, dangi sun warwatsu, kamfanin ƙaura kuma da awa yake caji. Gidan yana nan yadda aka gina shi don mutum huɗu da igiya, amma mai tarewa shi kaɗai ne da wayarsa.

Mafarkin mutum ɗaya ya motsa abin da ya fi ƙarfinsa tsoho ne. Marubucin tarihi Plutarch ya ba da labarin cewa Archimedes ya zauna a gaban Sarki Hiero na Siracusa ya jawo jirgin ruwa maƙare da kaya shi kaɗai, ta hanyar jerin fuli. Lissafin da ke ƙarƙashin labarin gaskiya ne: idan igiya biyu ke riƙe da kaya, rabin nauyin kake ja, amma tsawon igiyar da za ka ja ya ninka. Matakala ma tana rage nauyi idan aka shimfiɗa alluna aka zame kaya a kai maimakon a ɗaga, sai dai ragin ya dogara da karkatarta. A matakala mai digiri 35, kabad mai kilo 100 yana jan mai riƙe da shi ƙasa da ƙarfin kilo 57. A digiri 45 ya zama kilo 71. A tsanin tsohon gida mai digiri 60 kuwa kilo 87 ne, kusan babu ragi, kuma wannan kafin a ƙara gogayyar katako da katako a yayin hawa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, a lissafin da ta sabunta a 1991, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ma'aikaci zai ɗaga da hannu biyu a yanayi mafi kyau, kaya dab da jiki, ba murɗa ƙugu, ƙafa a shimfiɗe. A kan matakala babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya tsaya a ƙasan kaya yana turawa, idan ƙafarsa ta zame kayan a kansa za su sauka, kuma babu mai jin kiransa. Duk dabarun da suka tsira daga zamanin 'yan dako suna komawa ga abu uku: a cire duk abin da ke ciruwa, aljihu da ƙofa da ƙafa, a ɗaure igiya a abin da ba ya motsi a sama domin ita ta riƙe kayan idan hannu ya gaji, mutum kuma ya tsaya a saman kaya.

Kwana kuwa ko masana lissafi ta ba su wuya. A 1966 Leo Moser ya yi tambaya mai kama da wasa: idan lungu mai faɗin mita ɗaya ya karya kwana sak, wace siffa ce mafi girman fili da za a iya zamewa da ita ta wuce kwanar? Murabba'i mai mita ɗaya yana wucewa, rabin da'ira ma yana wucewa kuma ya fi shi girma. A 1968 John Hammersley ya kawo siffa mai kama da kan tsohuwar wayar tarho, wadda aka ƙwaƙule cikinta don ta rungumi kusurwa, filinta murabba'in mita 2.2074. A 1992 Joseph Gerver ya gyara gefunanta da lanƙwasa 18 ya kai 2.2195. Sama da shekara talatin ba wanda ya fi shi, ba kuma wanda ya tabbatar ba za a iya fin sa ba, sai a ƙarshen 2024 wani matashin masani ɗan Koriya ta Kudu, Jineon Baek, ya fitar da hujja mai shafi fiye da ɗari cewa siffar Gerver ita ce iyaka. Wannan duka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, inda kujera ba ta da tsayi, babu rufin da ya sauko, babu makarin matakala. A Amsterdam kamfanonin ƙaura yanzu suna zuwa da tsani mai inji da ake jinginawa a taga, yana hawa da kaya a kan faranti, amma a lungunan da motarsa ba ta shiga ana ba da hayar igiya da fuli na yini ɗaya, kuma mai ba da hayar yakan tambayi mutum nawa za su ja.